Birkin Da Ya Tafi Har Ƙasa

Ƙafafunta ya fara gani. Takalman roba biyu, baƙi ƙirin da mai, sun leƙo daga ƙarƙashin wata tsohuwar motar kaya a garejin da ke kan gangara. Dogo, direban bas ɗin ma'aikatan wani kamfani, ya sa ƙafa ya shuri ɗaya.

"Kai, fito. Ina ogan ku?"

Aka fito. Mace ce, gajera, da ɗankwali ɗaure tamau. Ta duba sifanun da ke gefenta, ta ajiye mai lamba goma, ta ɗauki mai lamba sha tara, ta kwaɗa masa a ƙwauri.

Dogo ya zauna a ƙasa ba tare da ya yi niyyar zama ba. Jini ya biyo safa.

"Sannu da zuwa," in ji ta. "Me ke damun motar?"

"Ƙara take yi," ya ce, yana riƙe da ƙafa hannu bibbiyu. "In na taka birki sai ta yi kuka kamar akuyar da ake yankawa."

"Tun yaushe?"

"Wata biyu."

"Mutum nawa kake ɗauka?"

"Sha takwas."

Ta dube shi, ta dubi sifanar, kamar mai shawarar ɗaya ƙafar.

'Yar Birki ake ce mata. A aji uku ta bar makaranta, ta koma bayan garejin babanta inda ake jibge matattun motoci, ta yi ta kwancewa tana ɗaurawa har hannunta ya gane. Babu wanda ya koya mata. Baban nata, Mai Gareji, gyaran jikin mota ya iya, guduma da fenti. A wajensa in dai mota tana ƙyalli to lafiyarta ƙalau.

Ta sa jak, ta cire tayar gaba, ta zaro wani ɗan ƙarfe mai kamar tafin takalmin yaro ta jefa masa a cinya.

"Wannan shi ne fad. Biyu ne a kowace taya, su ke cafke faifan nan su tsayar da kai. Naka sun cinye, ƙarfe ke cin ƙarfe. Mutum sha takwas kake yawo da su a kan murfin gwangwani."

Ta sa sababbi, ta ɗaure taya, ta sauke jak. Ta hau kujerar direba ta tattaka birkin sau 'yan kaɗan, sannan ta wurgo masa makulli. Ya cafe, amma bai tashi ba.

"An gama," ta ce.

"Ƙafar ce."

"Ai ba da hagu ake taka birki ba."

Bayan kwana uku ya dawo, wai yana jin ƙara. Babu ƙara. Bayan mako ya sake dawowa, wai birkin ya yi laushi. Wannan karon da gaskiyarsa, iska ta shiga bututun mai. Fitar da iska kuwa aikin mutum biyu ne: ɗaya a sama yana takawa, ɗaya a ƙasa yana buɗe ɗan noti yana rufewa.

"Taka," ta ce daga ƙarƙashi.

"Na taka."

"Riƙe. In ka saki kafin in ce, sai na ɓalla maka ɗayar."

"Na riƙe. Ranki ya daɗe, ina da tambaya."

"Riƙe dai."

"Akwai wanda yake zuwa wajenki?"

"Akwai. Masu motocin da suka kusa kashe mutane. Saki."

Da yamma saƙo ya shigo wayarta.

"Sifanata, ƙafa ta warke amma tabon yana nan. Kullum in na sa safa sai na tuna ki. Yau ma sau biyu na sa."

Ta amsa: "Ka riƙa wanke safar."

"Ke ce zumar rayuwata, tauraruwar da ke haska sararin zuciyata."

"Wa ya rubuta maka wannan?"

"Wani abokina."

"Ka mayar masa. Faɗi naka."

Ya ɗauki lokaci. Sannan: "In na sauke ma'aikata da yamma, kujerar gefena nake kallo. Ina so ki zauna a wurin ki yi ta zagin tuƙina."

Ta karanta sau uku, ta goge baƙin man da babban yatsanta ya bari a fuskar wayar, ta rubuta: "Wannan ya fi. Kana taka birki a makare, Dogona. Za mu gyara."

A wannan tsakanin ne Mai Gareji ya ɗauko Injiniya.

Injiniya ya zo da farar riga har gwiwa, da biro uku a aljihu, da takardar shaida cikin gilashi wadda ya rataye a ofis da hannunsa. Yana da wata na'ura da ake jona wa mota, kuma ba ya taɓa noti sai ya sa safar hannu. In ya buɗe baki rabin maganar Turanci ne, ɗaya rabin kuma neman kalmar Hausa. Motarsa ja ce, kullum a goge, yana ajiye ta can ƙasan gangara kusa da ƙofa, inda duk mai wucewa zai gani.

Mai Gareji ya ga ƙyalli, ya ga takarda, zuciyarsa ta kwanta.

"Kin ga irin wanda nake so ya gaje ni," ya ce wa 'yarsa.

"Baba, jiya minti arba'in ya yi yana tambayar na'ura me ya sa taya ta sace. Ƙusa tana tsaye a jiki tana kallonsa."

"Ilimi ke nan. Ba ya gaggawa."

Shi ma Injiniya ya gwada sa'arsa. Ya same ta tana wanke hannu da fetur, ya ce in sun yi aure zai ɗaga darajarta, ba za ta ƙara taɓa baƙin mai ba.

"To wa zai riƙa yi maka aikin?" ta tambaye shi.

Ya yi dariya, don ya ɗauka wasa take.

Ranar da Dogo ya turo kawunsa neman izini, Mai Gareji ko kujera bai ba dattijon ba. Ya ce bai haifi 'ya don direba ba, mutumin da duk abin da ya mallaka a duniya lasisi ne. Kawu ya koma gida ya faɗa wa Dogo yadda aka yi. Dogo ya kasa haɗiyewa. Da rana tsaka ya shigo garejin da bas, wadda dama kamfani ya ce a kawo a sauya mata fad ɗin sauran tayoyin, ya diro ya nufi Mai Gareji.

"Baba, ni ka ci wa mutunci ba komai. Amma kawuna ya haife ni."

"Wa ye babanka?" Mai Gareji ya ɗauke shi da mari. Hannun da ya shekara talatin yana dukan ƙarfe ne, leɓen Dogo ya fashe nan take.

Makanikai suka taso suka rirriƙe. Dogo yana fizgewa, jini a haɓa, ido jajir, ya faɗi maganar da ta kusa kai shi kabari.

"Wallahi da ba kai ka haife ta ba, da na bi ta kanka da motar nan."

Mutum goma sha ɗaya suka ji. Ita ma ta ji.

Mai Gareji ya nuna ta da yatsa. "Ke kuma, in hannunki ya taɓa bas ɗin nan, ki nemi wani uban. Injiniya zai yi."

Injiniya ya yi. Da safar hannu.

Washegari da safe Dogo ya zo ɗaukar bas. Bai gaida kowa ba, kunya ta hana shi ɗaga kai. Ya karɓi makulli a hannun Injiniya, ya tayar, ya sa giya, ya gangaro. Mai Gareji yana tsugune a bakin ƙofa, ya ba da baya, yana bubbuga murfin wata mota.

Tazarar ba ta fi tsawon motoci huɗu ba. 'Yar Birki ta ɗago ta ga bas ɗin ba ta rage gudu. Ta ga bakin Dogo a buɗe ta cikin gilashi. Sai ƙarar ƙarfe, da wata ƙara ƙarama a cikinta, kamar an karya busasshen itace. Bas ta matse ƙafar babanta da ginshiƙin ƙofa, sannan ta tsaya cak.

Ita ta ruga wajen uban. Sauran suka ruga wajen Dogo.

Ta taga suka jawo shi. Mai faci ya fara, da ƙarfen cire taya. Mai walda ya biyo da igiyar wuta ninki biyu. Masu shaguna suka tsallako titi da abin da hannunsu ya samu, har da wanda bai san me ya faru ba, ya dai ga ana duka. Dogo yana cewa "birki, birki," har wani ya sa masa takalmi a baki maganar ta tsaya. Suka yi masa jina-jina. Da motar 'yan sanda ta iso, a cikin kwata suka tsamo shi, hannu ɗaya yana lilo ta inda hannu ba ya lanƙwasawa.

Mota ɗaya ta kwashi su biyun zuwa asibiti, wanda aka take da wanda ya taka.

Da azahar ɗan sanda mai bincike ya zo. Ya hau bas ɗin ya taka birki. Tauri kamar dutse. Ya ja ta baya, ya gangaro, ya taka, ta tsaya har gabanta ya duƙa. Injiniya ya jona na'urarsa ya nuna wa kowa kore.

"Babu wata matsala ta fasaha," ya ce. "Wannan matsala ce ta ɗabi'a."

Mutum goma sha ɗaya suka ba da shaidar abin da suka ji jiya. Mai bincike ya rubuta: yunƙurin kisa.

Da kowa ya watse, 'Yar Birki ta hau da kanta, rigarta duk jinin uba. Ta taka. Ta sake takawa. Ta leƙa ƙasa, babu ɗigon mai ko ɗaya. Birkin lafiyarsa ƙalau, ita kuwa mutum yana iya yi mata ƙarya, amma birki bai taɓa yi ba. Ta ciro waya.

"Na gwada da ƙafata. Kada ka sake kirana."

Kwana huɗu ta yi tana jinyar uba. An sa masa ƙarfe a ƙafa, likita ya ce zai taka amma da ɗingishi har abada. Dogo yana ɗaki na uku daga nasu, da ankwa a hannun da ya ragu, da ɗan sanda a bakin ƙofa, ana jira ya iya tsayuwa a kai shi kotu. Takan bi ta ɗaya barandar don kada ta wuce ta nan.

A rana ta biyar yayar Dogo ta tare ta a wajen famfo. Babbar mace ce, mai sayar da yadi, da kwanon abincin da ƙanen nata ba ya iya ci a hannu.

"Ke ce 'yar garejin?"

"Ni ce, Yaya."

Marin ya juya mata fuska har ɗankwali ya zame. 'Yar Birki, wadda ba a taɓa taɓa ta ta bari ba, ta gyara ɗankwalinta ta tsaya.

"Ni na goye shi," in ji Yaya. "Kaza ba ya iya yankawa, sai ya kira maƙwabci. An ɗaure masa muƙamuƙi da waya, haƙora uku sun tafi, ta tsinke yake shan ruwa. Wayarsa an farfasa, a tawa ya sa layinsa ya karanta saƙonki. Ungo. Tun shekaranjiya ya rubuta, ya hana ni turawa."

Ta miƙa mata wayar. Da hannu ɗaya aka rubuta, harufan duk sun hau kan juna.

"Sifanata. Maganar da na faɗa wa Baba na faɗa, Allah ya ji, ba zan musa ba. Amma na taka. Ya tafi har ƙasa kamar na taka auduga. Na ɗaga na sake, ya tafi. Na uku ya ɗan riƙe. Na huɗu ya kama, lokacin na riga na same shi. Ban san me ya sa yanzu yake aiki ba. In an ɗaure ni ba komai. Ke dai kar ki zauna kina tunanin na yi."

Ta karanta har ƙarshe. Ta koma kan layi ɗaya. Na ɗaya har ƙasa, na biyu har ƙasa, na uku ya ɗan riƙe.

Sai ta zauna a bakin famfon, a cikin ruwan.

Duk wanda ya taɓa sa fad da hannunsa ya san wannan. Sabon fad ya fi tsoho kauri, ba ya shiga sai ka tura fistin ɗin da ke matse shi can ciki. In ka gama, fistin yana nesa da fad. Takun farko ba ya kama komai, turo fistin kawai yake yi. Sai ka tattaka sau uku, sau huɗu, mota tana tsaye, kafin ka ba mai ita makulli. Ita ta daɗe da daina sanin tana yi, ƙafarta ce ke yi da kanta, kamar rufe ƙofa. Shi ya sa Dogo bai taɓa sanin ana yi ba. Kuma ciwo ne mai goge sawunsa: takun da ya yi cikin firgici su suka gyara birkin, suka bar wa mai bincike mota lafiyayya.

"Lafiya?" Yaya ta tambaya.

"Yaya, ƙara mini ɗaya a wannan gefen."

"Ke mahaukaciya ce?"

"Jaka dai. Ce masa ina zuwa."

Ba ta je wajen babanta da bayani ba. Ta san amsar: Injiniya zai rantse ya taka, takarda kuma tana bayansa a cikin gilashi. Ta jira.

Ranar da aka sallami Mai Gareji, gida ya gagare shi zama. Ya sa aka kawo shi gareji aka ajiye shi a kujera ƙarƙashin rumfa, ƙafa miƙe a kan tsohuwar taya. Ta aika wa mai bincike cewa akwai ƙarin shaida, ya zo ya zauna yana hamma. Akwai wata bas ta kamfanin, irin ta Dogo sak, tana jiran fad.

Ta je ta rusuna a gaban Injiniya, abin da ba a taɓa gani ba.

"Injiniya, na yi tunani. Ni da ka nake aiki, ba da ilimi ba. Ka koya mini sa fad yadda littafi ya ce, a gaban Baba. Daga farko har ba da makulli, yadda ka yi wa waccan."

Mai Gareji ya gyaɗa kai. "Yanzu kika yi hankali."

Injiniya ya gyara biro ukunsa. Ya sa safar hannu. Awa ɗaya da rabi ya yi yana aikin minti ashirin, yana ambaton sunan kowane noti da Turanci, yana cewa ta maimaita. Ta maimaita. Ya tura fistin, ya sa fad, ya ɗaure taya, ya sauke jak, ya jona na'ura ta nuna kore. Ya cire safar yatsa ɗaya-ɗaya, ya miƙa mata makulli.

"Shi ke nan?" ta ce.

"Shi ke nan. Daidai da ƙa'idar ƙasa da ƙasa."

"Babu abin da ya rage?"

"Ƙanwata, abin da ya rage shi ne ki koma makaranta."

Makanikai suka yi dariya. Ita ma ta ɗan taya su. Sannan ta bi gangaren tana korar mutane gefe, har mai shayin bakin ƙofa ta sa ya ɗauke tebur. Ta dawo ta mayar masa da makullin.

"Ja ta da kanka, Baba ya ga yadda aikin ilimi ke kamawa. Ka gangara ka tsaya daidai bayan motarka."

Ya hau yana murmushi. Ya sa giya. Ya ɗago wa Mai Gareji hannu ta taga.

A tsakiyar gangara murmushin ya ɗauke. Kowa ya ga kafaɗarsa tana sama tana ƙasa. Ya kira sunan Allah, da Hausa tsantsa, ba kalmar Turanci ko ɗaya. Bas ta shige bayan jar motar, ta tura ta jikin katanga, ta naɗe ta har kujerar baya ta gaisa da sitiyari. Gilashi ya watsu har titi.

Injiniya ya buɗe ƙofa ya zubo, hanci yana zubar da jini a kan farar riga.

"Ya tafi har ƙasa," yake cewa. "Wallahi har ƙasa ya tafi. Na'urar ba ta nuna ba."

'Yar Birki ta dubi mai bincike. "Ranka ya daɗe, hau ka taka yanzu."

Ya hau, ya taka. "Tauri kamar dutse," ya ce a hankali, ya ciro littafinsa.

Mai faci ne ya fara duƙawa ya ɗauki ƙarfen cire taya. Mai walda ya ninka igiya. Suka nufi Injiniya su goma sha ɗaya, da irin fuskar ranar nan. Ta riga su isa. Ta tsaya a kansa da mai lamba sha tara, ta sauke ta a wuyan hannun mai faci, ƙarfen ya faɗi.

"Hannunku bai gaji ba? Ranar Dogo ma haka kuka tabbata. Wanda ya ƙara taku ɗaya, gwiwarsa zan kwance, kuma ba na mayarwa."

Suka tsaya suna kallon ƙasa. Injiniya ya rarrafa ya fita ta ƙofa. Takardarsa tana nan a ofis har yau, ba wanda ya zo ɗauka.

Mai Gareji yana kallon ƙafarsa a kan taya. Can ya ce, "Ke kin san da wannan abin?"

"Kullum ina yi, Baba. Shekara tara."

"Ban taɓa gani ba."

"Ba ya ƙyalli."

Ya ɗaga hannu kamar zai kai mata, sai ya sauke shi a kan fuskarsa. "Nemo mini mota."

A asibiti an riga an cire ankwa. Mai Gareji ya shiga da sanduna biyu, ya tsaya a kan gadon yana haki. Ya kalli wayar da ke bakin yaron, da hannun da ke cikin filasta, da idon da har yanzu bai gama buɗewa ba. Mutum ne da bai taɓa ba kowa haƙuri ba, bai san ta inda ake farawa ba.

"Kai ma bakinka ba shi da linzami," ya ce.

Dogo ya gyaɗa kai.

"Ni na fara marinka."

Dogo ya girgiza kai.

"Kar ka musa mini, ina magana." Ya juya wajen Yaya. "Kawun naku yana gari? Ce masa ni zan zo. Da ƙafar nan zan zo, in tsaya, shi ya zauna."

Da Mai Gareji da Yaya suka fita, 'Yar Birki, wadda ta rako babanta, ta ja kujera kusa da gadon.

"Na yarda da ƙarfe na ƙi yarda da kai," ta ce. "Ba ni da abin cewa. In ka fasa, ka yi daidai."

Ya lalubo wayar Yaya ya yi ta dannawa da yatsa ɗaya. Tata ta yi ƙara a aljihu.

"Sifanata, an cire mini haƙora uku a kanki. In na fasa wa zai biya ni haƙoran?"

"Ba na kuka," ta ce, tana goge ido da bayan hannu. "Warin maganin nan ne."

Wani saƙon ya shigo. "Na sani, ranki ya daɗe."

Bayan wata huɗu aka ɗaura aure. Makanikan nan goma sha ɗaya su suka jera kujeru, suka yi ta hidima kamar an aiko su, ba wanda ya iya haɗa ido da ango. Yaya ta rungume amarya har ƙashinta ya yi ƙara, ta ce duk ranar da ya ɓata mata rai ta kawo ƙara wajenta, kada ta yi hukunci da kanta, yaron bai gama warkewa ba.

Mai hoto ya jera su: ango a tsakiya, amarya a dama, Mai Gareji a hagu da sandarsa. Ya ce a yi murmushi. Dogo ya washe baki gaba ɗaya, giɓin nan ya fito fili, har ana hango harshe. Mai hoto ya duba abin da ya ɗauka, ya matso kusa da amarya ya rage murya.

"Kar ki damu, zan cike masa haƙoran a kwamfuta. Sandar Baba ma zan iya gogewa. Ba wanda zai gane."

Kafin ta buɗe baki Mai Gareji ya riga ta.

"Bar shi yadda yake. Ka wanke mini babba, a ofis zan rataye, daidai inda nake zama." Ya dafa kafaɗar surukinsa, ya jingina nauyinsa duka a kai. "Ɗana, Allah ya ba ku zaman lafiya, ya ba ku zuri'a mai jin magana. Ya kare ka a kan hanya. A gida kuma, Allah ya ba ka haƙuri, don ni na san abin da na ba ka."

Jama'a suka ce amin. Amarya ma ta ce amin, ta fi kowa ɗaga murya.